Tarihin CEA: Gwajin Jinin Da Aka Taɓa Zaton Zai Tona Asirin Kansar Hanji

1/ Jama'a, zaren yau na tarihi ne, amma tarihin asibiti. Akwai wasu haruffa uku da ake rubutawa a takardar gwajin jini: CEA. Duk wanda ya taɓa jinyar mai kansar babban hanji ya san su. Tun 1965 aka gano abin, kuma har yau ana yi masa wata fahimta da ke iya jawo asarar rai. Ku biyo ni a hankali 🧵

2/ Ga dalilin zaren. A wajenmu, daga Birnin Kudu har Gwaram, in mutum ya ga jini a bayan gida, sunan abin ɗaya ne: basir. In ka shiga kasuwar Sara ko ka tsaya a tasha, ba za ka rasa mai lasifika yana tallan maganinsa ba. Basir mai jini, basir mai tsiro, duk kwalba ɗaya.

3/ Yanzu kuma an samu ƙari. Masu waya a hannu sun ji cewa akwai "gwajin kansa" na jini. Sai mutum ya je a ɗebi jininsa, sakamako ya fito ƙasa, ya ce alhamdulillahi ba ni da komai, ya koma kan jiƙonsa. To wannan tunanin, manyan likitocin duniya ma sun taɓa yin sa. Sai da suka kwashe shekaru kafin su gane iyakar gwajin.

4/ Mu fara daga tushe. Tunanin cewa kansa tana barin sawu a ruwan jiki tsoho ne. A 1847 wani likita a Landan, Henry Bence Jones, ya yi bayanin wani furotin a fitsarin wani maras lafiya: in an ɗumama fitsarin sai ya yi gudaji, in ya tafasa sai gudajin ya narke. Daga baya aka gane alamar wata kansar ɓargo ce.

5/ Wannan shi ake ɗauka a matsayin alamar kansa ta farko da aka auna a ɗakin gwaji. Daga nan sai da aka haura shekara 100 kafin a samu ci gaba na a zo a gani. A 1963 wani masani a Tarayyar Sobiyet, Garri Abelev, ya gano AFP a jinin ɓerayen da ke da kansar hanta. Har gobe ana amfani da AFP wajen bibiyar kansar hanta.

6/ Sai 1965. Ku tuna, lokacin Sardauna ne Firimiyan Arewa, Birnin Kudu da Gwaram suna Lardin Kano, ko mafarkin Jihar Jigawa ba a yi ba, don sai 1991 aka ƙirƙiro ta. A can birnin Montreal na Kanada, wani matashin likita, Phil Gold, yana digirinsa na uku a Jami'ar McGill ƙarƙashin malaminsa Samuel Freedman.

7/ Tambayarsu mai sauƙin faɗi ce: shin akwai wani abu a naman kansar hanji wanda babu shi a lafiyayyen hanji? Sun zaɓi hanji ne da dabara. In likita ya yanke kansar hanji, yakan haɗa da lafiyayyen nama na gefe. Kun ga an samu mai ciwo da mai lafiya daga jikin mutum ɗaya, sai a gwada su.

8/ Da zomaye suka yi aikin. Jikin zomo yakan ƙera garkuwa a kan duk baƙon abin da aka yi masa allurarsa. Sai suka yi wa zomaye allurar ruwan naman kansa, suka ɗebi garkuwar da ta fito, suka tace duk wadda ta kama lafiyayyen nama. Abin da ya rage yana kama naman kansar. Ashe dai akwai wani abu a ciki.

9/ Da suka bi sawu, sai suka sake ganin wannan furotin a wani wuri na ban mamaki: hanji da hanta na ɗan tayi, tun yana cikin mahaifiyarsa. Daga nan sunan ya fito. C na nufin kansa, E na nufin ɗan tayi, A kuma abin da garkuwar jiki ke ganewa. Kamar dai kansar ta tono wani aikin da jiki ya rage yi tun kafin haihuwa.

10/ Saura a iya auna shi a jini, kuma ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Ana ƙirga shi da nanogiram, wato a raba giram ɗaya gida biliyan a ɗauki ɗaya. An yi sa'a, a wajen 1960 Rosalyn Yalow da Solomon Berson a Amurka sun fito da hanyar auna irin waɗannan ƙananan abubuwa. Yalow ta ci kyautar Nobel a kan haka a 1977.

11/ A 1969 tawagar Montreal ta yi amfani da wannan hanya ta fitar da sakamakon da ya girgiza likitoci: cikin masu kansar babban hanji 36 da aka auna, 35 an samu CEA a jininsu. Kashi 97 cikin 100 ke nan! Aka shiga murna. Aka ce shi ke nan, nan gaba kowa zai miƙa hannu a ɗebi jini a faɗa masa matsayinsa.

12/ Amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Da wasu asibitoci suka maimaita gwajin a kan mutane masu yawa, alƙaluman suka zube. Dalili? Yawancin waɗancan 36 ɗin cutarsu ta riga ta yi nisa. Gane kansa a jikin wanda ta riga ta cinye ba shi ne abin da ake nema ba. Ana neman a kama ta tun tana ƙarama.

13/ A nan fa gizo ke saƙar. Wani bincike da aka buga a 1978 daga New York ya jera abin mataki-mataki. A matakin farko, waɗanda CEA ɗinsu ya hau ba su kai 5 cikin 100 ba. A mataki na biyu, kusan ɗaya cikin huɗu. A na uku, ƙasa da rabi kaɗan. A wanda ta bazu zuwa wasu sassan jiki, kusan biyu cikin uku.

14/ Ku sake karanta na 13. Lokacin da wuƙar likita za ta iya raba mutum da cutar gaba ɗaya, a lokacin ne gwajin ya fi yin shiru. Kuma ko a wanda ta bazu, mutum ɗaya cikin uku jininsa na iya nuna lafiya lau. Wasu nau'o'in kansar ma ba sa fitar da CEA sosai, kuma a cikinsu akwai masu saurin yaɗuwa.

15/ Ɗaya gefen ma akwai matsala. An gano lafiyayyen hanjin babba ma yana yin CEA kaɗan-kaɗan. Kuma yana hawa a jinin mai shan taba, da mai ciwon hanta, da mai kumburin hanji, da mai wasu cututtukan huhu. Hanta ce ke share shi daga jini, to in ta gaji sai ya taru. A ƙasar da ciwon hanta ya yi yawa kamar tamu, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

16/ Kuma ba kansar hanji kaɗai ke ɗaga shi ba. Ta tumbi, ta huhu, ta mama, ta saifar ciki da ke fitar da insulin, duk suna iya yi. Wato in ya hau bai ce kansa ce ba, in ma ita ce bai faɗi inda take ba. In ya sauka kuma bai wanke ka ba. Shaidar da ke haka, wane alƙali ne zai yanke hukunci da ita ita kaɗai?

17/ Shi ya sa a 1980 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta tara masana suka zauna a kan CEA. Matsayarsu: bai dace a yi amfani da shi wajen tantance mutanen gari don neman kansa ba, kuma shi kaɗai ba ya tabbatar da ita. Fiye da shekara 40 ke nan, ƙungiyoyin likitocin kansa na duniya ba su sauya wannan matsaya ba.

18/ An nemi wanda zai fi shi. A 1979 tawagar Hilary Koprowski a Philadelphia ta gano CA 19-9, shi ma daga ƙwayoyin kansar hanji. A ƙarshe amfaninsa ya fi fitowa a kansar saifar ciki. Kuma mutum 5 zuwa 10 cikin 100 jikinsu ba ya iya yin sa ko kaɗan, ko da suna da cutar. Bai ture CEA daga kujerarsa ba.

19/ To in haka ne, me ya sa har yau likitoci ke rubuta CEA? Saboda ya samu aikin da ya dace da shi: gadi. Bayan an tabbatar da cutar ta hanyar leƙa hanji da ɗibar nama, ana auna shi KAFIN tiyata don a san inda aka tashi. In ya haura 5 tun kafin aiki, likita ya san sai ya ƙara sa ido a kan wannan maras lafiyan.

20/ Bayan tiyata, in an cire kansar duka, CEA yakan sauka cikin sati 4 zuwa 6. In ya ƙi sauka, alama ce ta yiwu akwai saura a wani wuri. In ya sauka, sai bayan watanni ya fara hawa sannu-sannu, yana iya zama gargaɗin farko cewa ta dawo, musamman a hanta, tun kafin mutum ya ji komai a jikinsa.

21/ Saboda haka ƙa'idar da aka fi bi ita ce a riƙa auna shi duk bayan wata 3 zuwa 6 a shekarun farko bayan aiki, har a kai shekara 5. Haka nan ga wanda ake yi wa kemo, saukarsa ko hawansa na taimaka wa likita ya ga ko maganin na ci. Lamba ɗaya ba ta cika magana ba. Jerin lambobin ne ke ba da labari.

22/ Shin gadin yana da amfani? A 2014 an buga wani babban bincike daga Ingila mai suna FACS, a kan mutum 1,202 da aka yi wa tiyata. Waɗanda ake bibiya da CEA ko hoton sikanin, an ninka kusan sau uku yawan waɗanda aka kama dawowar cutarsu a lokacin da za a iya sake yanke ta. Amma binciken bai nuna bambanci a yawan mace-mace ba. Amfanin yana nan, sai dai yana da iyaka.

23/ Yanzu mu dawo gida, don tarihin yana da reshe na biyu. A 1971 Denis Burkitt, likitan tiyata da ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya rubuta cewa kansar hanji ta yi yawa a Turai da Amurka amma ba a cika ganinta a karkarar Afirka ba. Ya danganta hakan da abinci mai dusa da harza: hatsin da ba a surfe shi tas ba, wake, ganye.

24/ Akwai gaskiya a ciki. Tuwon dawa, furar gero, wake, zogale, miyar kuka, abincin da kakanninmu suka tashi a kai, yana taimakon hanji. Amma maganar ta zauna a kan mutane har ta koma "cutar Turawa ce". Alhali a lokacin asibitoci kaɗan ne, na'urar leƙa hanji ma sai a 1969 aka fara amfani da ita sosai a New York. Wanda ya rasu a ƙauye ba a auna shi ba, wa ya ƙirga shi?

25/ Rajistar masu kansa ta farko a Najeriya an buɗe ta a Ibadan a 1960. Daga lokacin zuwa yau, rahotannin asibitocin koyarwa na ƙasar nan suna maimaita abu uku: masu kansar hanji suna ƙaruwa, da yawansu ba su kai shekara 50 ba, kuma mafi yawa suna zuwa ne bayan cutar ta yi nisa. A duniya kuwa ita ce ta uku a yawa, ta biyu a kisa cikin kansoshi.

26/ Kada wani ya ce ai ni yaro ne. Kun san Chadwick Boseman na fim ɗin Black Panther. An gano masa ita a 2016 tana mataki na uku, ya rasu a watan Agustan 2020 yana da shekara 43. Pele ma ita ce ajalinsa a Disambar 2022. A 2021 Amurka ta rage shekarun fara tantancewa daga 50 zuwa 45 saboda yadda take kama matasa.

27/ Ga wani abu da ya kamata ya ba mu ƙwarin gwiwa. A Najeriya kaso mai yawa na wannan kansar a can ƙasa take fitowa, kusa da dubura. Ma'ana, da yawa likita zai iya taɓa ta da yatsa, da safar hannu, cikin minti biyu. Ba na'ura, ba wutar lantarki. Abin da ke hana wannan gwajin a wajenmu, mun san shi: kunya.

28/ Kunya ado ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dattijo zai yi wata takwas yana zubar da jini bai faɗa wa ko ɗansa ba. Mace za ta ce wa mijinta "ɗan basir ne, Malam", a sayo jiƙo. Shi ya sa gwajin jini ke da farin jini: ba tuɓewa, ba tambaya mai nauyi. Sai dai sauƙin nasa shi ne tarkon.

29/ A yi adalci: yawancin jinin bayan gida ba kansa ba ne. Basir na gaske yana nan, atuni yana nan, tsagewar dubura tana nan, tsutsar ciki tana nan. Matsalar ita ce daga waje duk kamarsu ɗaya, kuma mutum na iya samun basir da kansa a lokaci guda. Mai lasifika ba zai iya bambancewa ba. CEA ma ba zai iya ba.

30/ Alamomin da ba a jira da su: jini a bayan gida da ya ƙi tsayawa ko yake dawowa. Sauyin bayan gida na makonni, yau gudawa gobe taurin ciki. Jin kamar ba ka gama ba bayan ka gama. Rama ba dalili. Ƙarancin jini da kasala. Kullutu a ciki. In kuma uba, uwa ko ɗan'uwa na jini ya taɓa yin ta, faɗa wa likita tun a zaman farko.

31/ Mutumin Fagam, Kila, Sundimina ko Wurno ba sai ya fara da Kano ba. Asibitin Tarayya na Birnin Kudu yana da likitocin tiyata da za su duba shi. In ana buƙatar leƙa hanji da na'ura, wato kolonoskofi, likita zai faɗi inda za a yi, ko nan kusa ko Asibitin Malam Aminu Kano. Da ita ake ganin abin ido da ido, a ɗebi nama a kai ɗakin gwaji. Wannan ne ke yanke hukunci.

32/ Na san maganar kuɗi tana nan, da kuɗin mota, da barin gona ko shago. To ai shi ya sa bai kamata ɗan abin da ke hannu ya tafi a gwajin da ba zai amsa tambayar ba. Kuma leƙa hanji yana da wata riba: yawancin wannan kansar daga ɗan tsiro take farawa, ya yi shekaru kafin ya rikiɗe. In an gan shi da wuri, a nan take ake cire shi.

33/ Ku kuma masu jinyar wanda aka riga aka yi wa aiki, nan ne CEA ke da rana, kuma yawanci ku matasa ne ke riƙe da takardun. Ku samu ɗan littafi: kwanan wata, lamba, sunan wurin gwaji. Ku ɗauki hoton kowace takarda a waya. In da hali a riƙa yi a wuri ɗaya, domin na'urori sun bambanta, lambar wani wurin ba lallai ta yi daidai da ta wani ba.

34/ In lambar ta ɗan motsa sau ɗaya, kada a tayar da hankalin Baba ko Inna. Likita yakan sa a maimaita. In ta ci gaba da hawa, sai a yi hoto a nemo dalili. In kuma tana ƙasa amma jiki na nuna alama, a koma asibiti, kada a ce ai jini ya nuna lafiya. Mai shan taba kuma ya faɗa, don ana karanta tasa lambar daban.

35/ Mafarkin 1969 bai mutu ba. Yanzu ana farautar ɓurɓushin ƙwayoyin gadon kansar a cikin jini. A 2022 wani bincike daga Ostireliya ya nuna wannan hanya ta rage masu shan kemo bayan tiyata daga kashi 28 zuwa 15 ba tare da cutar ta fi dawowa ba. A 2024 Amurka ta amince da wani gwajin jini na tantancewa mai suna Shield.

36/ Amma shi ma Shield, cikin kansa 100 yana kama kusan 83, cikin manyan tsiron da ba su rikiɗe ba kuwa 13 kacal. Kuma duk wanda ya nuna masa alama, sai an leƙa hanjinsa. Wato daga zomayen Montreal zuwa yau, ba a samu gwajin jinin da ya ɗauke wa mutum zuwa gaban likita ba.

37/ Abin da nake so ku tafi da shi: CEA na wanda aka riga aka san yana da cutar ne, don a bi sawunta. Wanda ke ganin jini a bayan gida, likita ne zai duba shi. In a gidanku akwai wanda ya daɗe yana shan maganin basir ba sauƙi, ku lallaɓa shi cikin ladabi, ku raka shi asibiti a wannan satin.

38/ Nan zaren ya ƙare. A tura wa 'yan gida, musamman guruf ɗin dangi inda iyaye suke. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Ya jiƙansu. Amin.